Yarinyar da Ta Kasa Faɗuwa

"Karanta mini layin ƙasa," in ji Malam Shawara, yana riƙe da kalanda a jikin bangon da ya fi nisa da kujerarta.

Yarinyar ta karanta layin ƙasa. Ta zarce ta karanta ƙananan baƙaƙen da ke can gefen takardar, waɗanda shi kansa sai da ya kawo su dab da hancinsa kafin ya gan su. Sannan ta ƙara da cewa, cikin ladabi, kalandar ta bara ce.

Ya mayar da kalandar kan ƙusa a hankali. Ido dai lafiyarsa lau.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan Malam Shawara, domin shi ne malamin ba da shawara na farko da makarantar ta taɓa ɗauka. Ya zo da diflomarsa sabuwa fil, aka ba shi ɗakin da a da ake ajiye tsintsiya a matsayin ofis, aka kuma gaya masa cewa wannan zangon na gwaji ne. Tun daga ranar bai ƙara yin barci mai nauyi ba. Yau kuwa, ranar rufe zango, shugaban makaranta ya kira shi da sassafe ya shaida masa cewa makin 'yan aji uku ya zube gaba ɗaya, har da na yarinyar da kowa yake kira Ta-Ɗaya saboda tun da ta shigo makarantar ba ta taɓa zuwa ta biyu ba.

"Ai don irin wannan aka ɗauke ka," in ji Shugaba. "Kafin a buga ƙararrawar taro ina son in san abin da ya sami yaran nan. Ka fara da ita."

Shi ya sa yanzu take zaune a gabansa, hannuwanta a kan gwiwa, shi kuma yana bin tambayoyin da aka koya masa ɗaya bayan ɗaya.

"Kina karyawa kafin ki fito daga gida?"

"Ina karyawa, Malam."

"Barci fa?"

"Ina yi."

"Ko wani yana takura miki a aji? Kada ki ji tsoron faɗa mini."

"Malam, ai ni ake tsoro."

Ya goge gumin goshinsa. Ya rage murya, kamar yadda aka ce a riƙa yi in an zo kan wannan gaɓar. "An yi rashi a gida?"

Ta yi ɗan tunani. "Kazar maƙwabtanmu ce ta mutu. Amma ba mu shaƙu ba."

Tambayoyinsa suka ƙare. Yana cikin neman wata a ƙwaƙwalwarsa sai ta ɗago kai, idonta yana ƙyalli da wani irin fata da bai gane ba.

"Malam, don Allah, na nawa na zo?"

Nan ya ga inda zai yi amfani. Ya jawo kujera kusa da ita, ya yi murmushin kwantar da hankali.

"Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Makinki ya sauka sosai, gaskiya ne. Amma har yanzu ke ce ta ɗaya."

Sai ta fashe da kuka.

Malam Shawara ya miƙe zumbur. Ya duba ƙofa, ya duba taga, ya miƙa mata hankicinsa, ya tuna yanzu ya goge gumi da shi, ya janye. A duk littattafan da ya karanta babu inda aka faɗi abin da ake yi wa ɗalibin da ya yi kuka saboda ya ci jarrabawa.

"Duk wahalar da na sha!" in ji ta cikin shessheƙa. "Zango guda ina fama, Malam. Wallahi faɗuwa ta fi ci wuya."

A hankali maganar ta fito. A wannan makaranta ba a tambayar ɗan aji uku fannin da yake son shiga in zai wuce babban aji. Sakamako ne yake rabawa. Waɗanda suka zo a sama sukan tafi ajin kimiyya, a saman bene, inda akwai fanka. Na tsakiya a kai su ajin kasuwanci. Na ƙasa kuma a tura su ajin adabi, can ƙarshen baranda, jikin banɗaki. Haka aka saba tun kafin a haifi yawancin malaman. Ita kuwa Ta-Ɗaya lauya take son zama, kuma hanyar lauya ta ajin jikin banɗakin nan ta bi. Jini ma in ta gani jiri take ji. Da ta duba ta ga babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa, sai ta yanke shawarar ta sauko da kanta.

"Kin san amsa, ki rubuta wadda ba ita ba?"

"Sai na san ta gaskiyar sannan zan iya kauce mata, Malam. Karatu biyu nake yi. Ranar jarrabawar kimiyya na rubuta cewa rana ce take kewaya duniya. Na fito ina jin kunya kamar na zagi babba."

"To, ta yaya kuma…"

Bai ƙarasa ba aka turo ƙofa, tsintsiyoyin da ke jingine a bayanta suka zube. Malamin kimiyya ne, dattijo mai ƙaramin gemu, wanda ya koyar da iyayen wasu daga cikin ɗaliban. Ya tsallake tsintsiyoyin, ya tsaya yana kallon yarinyar.

"An ce mini kana binciken aji uku, ɗana. Ai ga cutar nan zaune a gabanka." Ya nuna ta da alli. "Duk layin taga sun rubuta mini cewa rana ce take kewaya duniya. Layin tsakiya ma haka. Na layin ƙofa, da yake sun yi nisa, amsar ta iso musu a gajiye. Wani ya ce wata ne yake kewaya su duka biyun. Shekara uku ina yabon ajin nan a ɗakin malamai, ashe kai ɗaya nake yabo."

Ta-Ɗaya ta daina kuka, ta saki baki. "Satar amsata suke yi?"

"Ke kika sauka, 'yata, suka biyo ki kamar 'yan tsaki. Wanda yake zuwa na biyu a bayanki yake zama, ko ba haka ba? Na uku a gefenki. Sai dai su ba su iya kwafa da kyau ba, shi ya sa ko a faɗuwar ma kika fi su."

"Kuma tarihi da harshe hannuna ya ƙi," ta faɗa a sanyaye. "Na yi niyyar ɓata su, na kasa."

Dattijon ya girgiza kai, ya ce ko ma mene ne yana jiranta a sama in an tashi taro, ya fita. Bai tambayi dalilin da ya sa ta yi hakan ba. Malam Shawara ya lura da wannan, ya durƙusa yana tattara tsintsiya.

Yana cikin jingine su mahaifiyar yarinyar ta iso. Shi ya buga mata waya tun da safe, ya ce ta zo da gaggawa, kalmar da yanzu yake nadamar amfani da ita. Ma'aikaciyar jinya ce, daga wajen aiki ta taho kai tsaye da fararen kayanta, warin maganin asibiti yana biye da ita.

"Wa ya ji ciwo? Ina jinin?"

"Babu jini, Mama. Ki zauna, don Allah."

Ya yi mata bayani yana zaɓen kalmomi kamar mai tafiya a kan fasasshen gilashi, yana jiran lokacin da za ta fashe. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da ya gama, uwar ta juya ta dubi 'yarta tsawon lokaci.

"Ke ba kya son likitancin?"

"Ba na so, Umma. Ki yi haƙuri."

Uwar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta cire takalminta ɗaya tana murza ƙafa. "Alhamdu lillahi. Ni da nake kwana ina tunanin yadda za ki tsaya a ɗakin tiyata, ke da kika suma ranar da ƙaninki ya yanke yatsa."

"Amma ke kike kirana likitarmu a gaban baƙi!"

"Yo ai malamanku ne suka fara! Duk zuwan da zan yi sai su ce ga maman likita. Na ɗauka ke kika gaya musu. Zan kushe wa 'yata burinta ne?" Ta juya wajen Malam Shawara. "Kai kuma, ɗan nan, ka ɗaga mini hankali a banza. Lauya ai ya dace da ita. Tun tana ƙarama ba a taɓa aikenta ta tafi ba tare da ta nemi dalili ba. A rubuta ta a ajin adabin mana."

"Ba a rubutawa, Mama. Sakamako ne yake rabawa."

"To, wa yake raba sakamakon?"

Tambayar ke nan da yake tsoro tun da yarinyar ta fara kuka, domin amsarta tana ofishin Shugaba, kuma a aljihun tebur ɗin wannan ofishi makomar aikinsa take. Ya dubi yarinyar. Idonta ya kumbura, amma ta zuba masa shi kamar wanda zai iya wani abu. Ya gyara wuyan rigarsa, ya ce su biyo shi.

Ofishin Shugaba cike yake da kofunan gasa, jere a kan kabad, yawancin sababbin Ta-Ɗaya ce ta ciyo su. Shugaba mutum ne mai ƙiba da son tsari, wanda ko alƙalumansa a jere suke bisa tsawo. Ya saurari bayanin yana ƙwanƙwasa tebur da yatsa. Da aka zo kan satar amsa yatsan ya tsaya. Da aka zo kan ajin adabi ya yi dariya.

"Ta ɗaya a jikin banɗaki? Malam Shawara, na aike ka ka gano cuta, ka dawo mini da wata."

"Ranka ya daɗe, abin da yarinyar take so ke nan, kuma mahaifiyarta ta amince."

"Baiwar Allah, ba raina ki na yi ba," in ji Shugaba, ya ɗan rusuna wa uwar daga zaune. "Amma tsari tsari ne. Haka na tarar, haka zan bari. In na bar ta ɗaya ta sauka yau, gobe na ƙarshe zai ce shi ma sama yake so. Ina za mu tsaya?"

"Ranka ya daɗe, a ina aka rubuta wannan dokar?" in ji yarinyar.

"Kun ji ko?" in ji uwar. "Haka nake fama."

Shugaba ya yi kamar bai ji ba. Ya mayar da idonsa kan Malam Shawara, ya yi masa kallon da ke tuna wa mutum cewa zangonsa na gwaji ne. Malam Shawara ya gyara tsayuwa. Ya buɗe baki, muryar da ta fito siririya ce, amma ta fito.

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni izini. In ta hau sama, waɗanda suke zama kewaye da ita su ma sama za su hau. Za su sake kewaye ta. Za mu yi shekara uku muna ganin maki mai kyau, muna murna. Ranar jarrabawar fita kuwa baƙi ne suke zuwa su raba wurin zama, kowa da teburinsa. A ranar za mu san abin da muka tara, kuma a ranar ba mu kaɗai za mu sani ba."

Shugaba ya dubi kofunan da ke kan kabad.

"Kuma ni, ranka ya daɗe," in ji Ta-Ɗaya cikin natsuwa, "in aka kai ni sama zan ci gaba da faɗuwa. Wannan zangon koyo nake yi. Yanzu na fara ƙwarewa."

Shugaba ya ɗauki alƙalami mafi tsawo, ya duba shi, ya mayar da shi wurinsa.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce a ƙarshe. "Ba za a sanar ba. Ba na son kowa ya ji a bakina cewa an sauya tsari. Zan kira sunanta yadda aka saba, ita kuma ta sulale ta tafi inda take so, shiru, ba tare da an lura ba. In wani abu ya biyo baya, Malam Shawara, a wuyanka yake."

"Na ɗauka, ranka ya daɗe," in ji Malam Shawara, kafin tsoro ya riga shi magana.

Uwar ta sa takalminta sosai, ta ce ita barci za ta je ta yi, in an sake kiranta da gaggawa to a tabbatar akwai jini.

Aka buga ƙararrawa. Ɗalibai suka cika filin makaranta, rana tana dukan kawunansu. Shugaba ya yi jawabi a kan ƙwazo, ya yi wani a kan tsabta, ya ja kunne a kan yawon banza lokacin hutu. Sannan aka zo rabon aji uku. Yadda ake yi shi ne, a kira sunaye bisa matsayi, kowa ya fito ya tsaya a bayan wanda aka kira kafin shi, in layin kimiyya ya cika sai na gaba ya ja su zuwa sabon ajinsu ana tafi. Malamin kimiyya tuni ya hau sama, ya tsaya a bakin ƙofarsa, hannu a baya, yana leƙo filin.

Aka kira Ta-Ɗaya, ta fito. Aka kira na biyu, wani dogon yaro mai dogon wuya, ya tsaya a bayanta. Layi ya cika. Shugaba ya ɗaga hannu, aka fara tafi, layin ya motsa.

Malam Shawara yana tsaye a gefen baranda. Ya ga yarinyar ta iso gindin matakala. Ya ga ta ɗan tsaya, ta ja numfashi, ta karkata hagu, ta miƙe baranda shiru, kanta a ƙasa, daidai yadda aka umarce ta.

Na biyu ya karkata hagu. Na uku ya karkata hagu.

Babu wanda ya ko ɗaga kai ya dubi matakalar. Layin gaba ɗaya ya bi barandar a natse, ya wuce ajin kasuwanci, ya wuce famfo, ya shige ajin da ke jikin banɗaki. Tafin ya yi rauni, ya rarrabu, ya mutu. A sama malamin kimiyya ya leƙo ta kan ƙarfen bene har hularsa ta kusa faɗowa. Malamin adabi kuwa, wanda ya saba karɓar waɗanda suka rage, yana zaune yana gyangyaɗi a teburinsa. Da ya buɗe ido ya ga waɗanda suke cika masa benci, sai ya miƙe tsaye ya gyara rigarsa kamar an yi manyan baƙi.

Shugaba ya juyo da kansa a hankali har idonsa ya sauka a kan Malam Shawara, ya nuna masa barandar da haɓa.

Malam Shawara ya tafi da sauri, ba gudu ba, domin malami ba ya gudu a gaban ɗalibai. Ya tarar da su zaune tsaf. Sun ma riga sun zauna yadda suka saba: dogon yaron a bayanta, na uku a gefenta. Ita kuwa ta dafe kai da hannu biyu.

"Ku saurara," in ji Malam Shawara, yana haki. "An sami ɗan kuskure. Ita kaɗai ce za ta zauna a nan, domin ita nan take so. Saura…" Ya yi niyyar cewa saura duk su tashi su hau sama. Abin da Shugaba yake jira ke nan, kuma da ya faɗa da an wuce wurin. Amma bakinsa ya riga ya ɗauki hanyar da ya fara. "Saura, duk wanda yake son kimiyya ya tashi ya hau sama."

Ba wanda ya motsa. Suka dubi juna. Can wata yarinya ta miƙe, ta rungumi jakarta ta fita da saurinta, wasu 'yan kaɗan suka bi ta, da alama su da gaske suke. Sauran suka ci gaba da zama, ba don sun ƙi ba, sai don maganar ta zo musu a baƙuwa.

Dogon yaron ya ɗaga hannu.

"Malam, da ma ana tambayar mutum?"

Ta taga Malam Shawara yana hango filin. 'Yan kasuwanci da 'yan adabi suna tsaye cikin rana ba a kira su ba, Shugaba yana duba agogonsa, malamin kimiyya ya fara saukowa daga bene yana riƙe da hula. Ya san cewa duk abin da zai faɗa yanzu, da shi za a auna zangonsa. Ya ji gumi yana gangara ta bayan wuyansa.

Ya roƙi malamin adabi aron kujerarsa, ya jawo ta gaban bencin yaron, ya zauna.

"Kai me kake son zama?"

Yaron ya dubi ƙasa. Ya sosa ƙeya.

"Wallahi, Malam, ban sani ba."

"To," in ji Malam Shawara, ya juya ga malamin adabi. "Malam, don Allah a gaya wa Shugaba ya shigar da sauran inuwa. Za mu ɗan daɗe."